Zagaye Biyu da Hannu

Layin da ya raba garejin gida biyu, mahaifinsu ne ya ja shi da farin fenti, shekara talatin da wani abu da suka wuce, ranar da ya gaji da rabon faɗa a kan sifana. Daga bakin ƙofa ya faro shi, ya bi ta tsakiyar daɓen siminti, ya haye teburin aiki, ya dire a jikin bango ƙarƙashin agogon da ya daina tafiya. Hagu na injin dizal ne, na babban ɗansa. Dama na fetur ne, na ƙaramin. Tsohon ya rasu, fentin ya kankare an sabunta shi har sau biyar, amma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ɗayansu ya sa hannu a injin ɗan'uwansa. Ba gaba suke yi ba, buta ɗaya suke dafa shayi a ciki. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Ƙaramin shi ne Auta. Shekararsa hamsin da biyu, ga furfura a gemu, ga jikoki biyu, amma Auta ya tashi kuma Auta za a binne. Babban kuwa mutanen unguwa Mai Dizal suke ce masa, Auta kuma Yaya, kuma tun da aka haife shi bai taɓa buɗe baki ya ce wa Yaya "ba haka ba ne" ba. Yaya mutum ne da magana ke yi wa tsada. In Auta ya yi kuskuren kawo shawara, amsarsa ɗaya ce: "Abin da babba ya hango…" Ba ya ma wahalar da kansa ya ƙarasa.

Matsalar ita ce, wata takwas ke nan babba ba ya hango komai.

Auta ya gane ne wata safiya da Yaya ya shigo ya yi wa tukunyar iskar walda sallama. Wani direba ne ya rataye rigarsa a kanta ya manta. Yaya ya tsaya a gabanta cikin ladabi yana jiran amsa. Auta, da ke tsugune a bayan wata mota, ya sauya murya ya amsa a madadin tukunyar, har da tambayar iyali. Yaya ya ce lafiya ƙalau, ya wuce.

Matar Yaya ta faɗa wa Auta a ɓoye cewa yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma likita ya ce aikin bai kai na awa ɗaya ba. Ta yi magiya, ta yi fushi, ta haɗa shi da 'ya'yansa. Yaya ya ce shi ba ya buɗe injin da ke tashi, kuma shi har yanzu yana tashi.

Abin da Yaya ya mallaka a duniya bai wuce suna ba: shekara arba'in, injin da ya haɗa bai taɓa dawowa ana jan sa da igiya ba. Auta ya san ranar da wannan sunan ya faɗi, mutumin ma ya faɗi. Saboda haka ya ɗaura wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Yakan riga Yaya zuwa, ya miƙa hannu daga nasa ɓangaren ya jera masa sifanu daga ƙarami zuwa babba. Yakan sa zarto ya zurfafa alamomin taimin, waɗanda ake daidaita inji da su, kafin kaya su isa hagu, yadda farce zai same su ko ido bai gani ba. In an kawo takarda, sai ya karanta ta da ƙarfi kamar mai magana da kansa. Dokarsa ɗaya ce: kada kowa ya sani, kuma kada Yaya ya san ya sani.

To, a wancan makon sai ga motoci biyu 'yan gida ɗaya sun kwana a garejin. Ta hagu ƙaramar motar kaya ce mai shan dizal, ta wata Hajiya mai gidan burodi, mace mai hanzari wadda kan kira waya ta tambayi yadda ake ciki tun kafin ta fita daga ƙofa. Ta dama ta wani tsohon malamin makaranta ce, mai shan fetur, shi kuwa ya ce ko wata za ta yi ba damuwa, ba inda yake zuwa. Kamfani ɗaya ne ya ƙera injinan biyu, a kan gwaji ɗaya, kuma dukansu kamshaf ne ya ci.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, kamshaf wata sandar ƙarfe ce mai tozaye a jere, tsawonta kamar kamu ɗaya. In tana juyawa, tozayen ne ke danna bawul ya buɗe, iska ta shiga, hayaƙi ya fita, sannan su sake shi ya rufe. Na waɗannan motoci biyu tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kowanne zai kwanta a gurbin ɗan'uwansa lafiya lau kamar don shi aka yi. Bambancin a tozayen yake, kuma bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na fetur yakan bar bawul a buɗe ya ɗan jima, don a injin fetur akwai fili. A injin dizal kuwa fistin yana hawa har ya kusa sumbatar rufi, ko ƙuda ba zai ratsa ba. Ka sa na fetur a dizal ka murɗa makulli, fistin zai taho da gudu ya tarar da bawul bai koma gida ba. Abin da zai biyo baya ƙara ɗaya ce, sannan shiru, sannan igiya.

An kai sandunan biyu wurin Dogo mai injin goge ƙarfe. Dogo ya san gidan. In ya kawo kaya, na dizal hagu yake ajiyewa, na fetur dama, ko da barci yake. Amma a wannan karon aiki ya yi masa yawa, ya ba wani direban tasi ya kawo. Direban bai san layi ba, bai san tsohon da ya ja shi ba. Ya zube ƙunshi biyu na tsohuwar jarida a kan teburin yadda hannunsa ya kai, ya tafi.

Yaya ya ɗauki na hagu, kamar kullum. Ya kwance, ya kai shi daf da fuskarsa kamar mai sansana, ya bi tozayen da babban yatsa.

"Dogo ya yi aiki," ya ce.

Auta ya kwance nasa. A jikin sandar, tsakanin tozo na biyu da na uku, Dogo ya rubuta da farin fenti, haruffa masu kaurin yatsa: DIZAL.

Ya ɗaga kai. Yaya har ya shafa wa na hannunsa mai, yana kwantar da shi cikin injin Hajiya a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Kalma huɗu ce kawai: Yaya, ka ɗauki nawa. Auta ya jera su a baki, ya ji nauyinsu. In ya faɗe su, ya faɗa ke nan cewa Yaya ya kai rubutu mai girman yatsa har bakin hancinsa bai gan shi ba. Ya haɗiye su. Ya ɗauki sandar ya tsoma a bahon kananzir, ya shiga wanke abin da Dogo ya riga ya wanke tas, ya yi ta wankewa har rana ta take tsaka.

Yaya yakan tafi gida cin abinci, yana bin jikin katanga da kafaɗa, kuma awa ɗaya da kwata yake yi, ba ragi ba ƙari. Yana shan kwana Auta ya tsaya a bakin layin. Shekara talatin bai taka hagu ba, iyakarsa miƙa hannu. Ya waiga ko'ina, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, jikinsa a sanyaye kamar mai shiga ɗakin surukarsa. Ya kwance murfi, ya kwance notuna goma da Yaya ya ɗaure kamar ba za a sake kwancewa ba har tashin duniya, ya zare na fetur, ya kwantar da na dizal. Ya mayar da komai yadda ya same shi, har da tsumman da Yaya ke ninkewa huɗu ya ɗora a kan batir. Sannan ya dawo nasa ɓangaren ya sa na fetur a motar malam. Ya gama da saura minti shida, ya zauna a kan taya yana haki.

Yaya ya dawo, ya shafa injinsa, ya shafa tsumman, ya ci gaba da aiki. Auta ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa. Daɗi ya kama shi har ya yi garaje wajen danna robar da ke tare mai a bakin sandar, ta yage. Ba wata a gareji, dole sai kasuwar kayan mota.

"Yaya, zan je in dawo."

"To."

Kasuwar ta cinye masa awa biyu, rabi a cunkoso, rabi a wurin masu shagon da kowanne ke cewa akwai, bari a duba, sannan ya aika shagon maƙwabcinsa. A hanyar dawowa, daf da kwanar layinsu, sai ga Dogo a kan babur ya ci birki.

"Mai Fetur! Daga wurinku nake ai. Direban nan ya ce mini zube su kawai ya yi, hankalina bai kwanta ba. Na tambaye shi wanne ya sa a ina, ya ce ƙunshi mai jan zare a hagu. Mai jan zaren nan na fetur ne. Na je na gaya wa Yayanka."

Auta ya riƙe kan babur ɗin. "Me ya ce?"

"Ya ce ya gani."

"Ya ce ya gani?"

"Ya ce tun daga ƙofa ya hango. Ka san manya." Dogo ya buga babur ya yi gaba.

Rabon Auta da gudu tun yana saurayi, amma ranar ya yi. Ya shiga gareji, kuma abin da ya fara gani shi ne sawu. Daɓen hagu kullum baƙi ne da man dizal, na dama kuwa fari-fari. Yanzu ga sawun takalmi baƙi ƙirin ya tsallake layin, ya je har gaban motar malam, ya dawo. Dunduniyar hagu a cinye. Auta zai gane wannan takalmin ko a cikin dubu.

Ya ɗaga murfin injinsa. Notunan an ɗaure su ɗaurin tashin duniya. Tsakanin tozo na biyu da na uku, farin fenti yana kallonsa: DIZAL.

A hagu kuwa an gama komai. An ɗaura bel, an haɗa batir, an goge inji har yana sheƙi. Hajiya mai burodi tana tsaye da jaka a hammata, tana bayanin cewa mako guda ke nan burodinta na yawo a motar haya kamar maraya. Yaya yana zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, yana laluben ramin makulli.

Auta ya dubi bango. Doguwar sifanar da ake juya inji da ita tana nan a kan ƙusarta, yadda shi da kansa ya rataye ta da safe.

Mahaifinsu bai bar musu dokoki da yawa ba, amma wannan da mari ya koyar da ita: duk injin da aka buɗe, sai an juya shi zagaye biyu da hannu kafin a taɓa makulli. Yakan ce inji ba ya yi wa hannu ƙarya, makulli kuwa wawa ne, abin da aka sa shi shi zai yi. Shekara arba'in Yaya bai tsallake ta ba. Yau ya ɓata lokaci wajen sauyin sanduna, Hajiya ta zo ta tsaya masa a ka, kuma ga shi ya tabbata ya gyara kuskurensa.

Makullin ya shiga rami.

"Yaya."

"Na'am."

"Zagaye biyun Baba."

Hajiya ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ni za ka koya wa?" in ji Yaya, muryarsa a ƙasa.

"A'a, Yaya. Ni ban ce komai ba. Baba ne ya ce."

Mutum yana iya yi wa ƙaninsa tsawa, amma ba ya yi wa kabarin ubansa. Yaya ya zare makullin, ya sauko, ya je bango ya ɗauko sifanar ba tare da lalube ba. Ya ɗora ta a kan babban notin inji, ya ja. Ta tafi sumul. Kwata. Ya sake ja. Tana gab da rabi sai aka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an ajiye cokali a faranti, sifanar ta tsaya cak.

Yaya bai matsa ba. Ya ɗan mayar da ita baya, ya sake kawowa a hankali. Ƙas. Ya tsaya riƙe da ita, kansa a sunkuye, yana sauraron abin da hannunsa ke gaya masa.

"Lafiya?" in ji Hajiya. "Me ya faru kuma?"

"Laifina ne, Hajiya," Auta ya yi wuf ya ce. "Ni na haɗa kayan."

"Ƙarya yake yi, Hajiya," in ji Yaya. "Bai taɓa tsallake layin nan ba." Ya juyo da fuskarsa wajen da muryar Auta ta fito. "Ko ka taɓa?"

Auta ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Hajiya," in ji Yaya, "gobe da safe. Injin ya ce bai shirya ba."

Ta faɗi abin da za ta faɗa, kuma ba kaɗan ba ne. Ta fita tana ƙarasawa, tana isa titi ta kira wayar Auta ta tambayi ƙarfe nawa ne safen.

Suka rage su biyu, layi a tsakaninsu. Yaya ya zauna a kan gwangwanin mai, sifanar a kan cinyarsa.

"Sau nawa ka canza?"

"Sau ɗaya."

"Ni ma sau ɗaya."

Suka shiga lissafin abin da ɗaya da ɗaya ya ba su.

"Aikin baban giwa," in ji Yaya. Ya share fuskarsa da tsumman nan mai ninki huɗu. "Da Dogo ya gaya mini, cewa na yi bari in ceci yaron nan kafin ya dawo. Kada a ce Auta ya sa na dizal a motar fetur bai lura ba, a yi ta yi masa dariya a kasuwa."

Sannan ya juyo da fuska wajen Auta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar tukunyar walda, Yaya."

"Na san muryarka ce. Tukunya ba ta tambayar iyali." Ya juya sifanar a hannunsa. "Na ce to, tunda ya amsa, bari a bar shi a haka. Kuma ka ɗauka ban san mai zurfafa mini alamomi ba? Shekara arba'in ina aikin nan, ban taɓa ganin alama ta yi girma da kanta ba sai bana."

Tausayi ya kama Auta, haushi ma ya kama shi, na wata takwas da ya yi yana sanɗa a garejin ubansa kamar ɓarawo, alhali mai gidan yana jin kowane taku. Idonsa ya kawo ruwa. Ya gode wa Allah da Yaya ba zai gani ba, sannan ya ji kunyar wannan godiyar.

Yaya ya miƙe. Ya kwance murfi, ya sassauta bel, ya kwance notuna goma, ya zaro sandar. Ya riƙo ta da hannu biyu ya tako har bakin layin. Ba ya ganinsa, amma ƙafarsa ta san inda yake, ta tsaya. Sai ya ɗaga ta ya tsallaka, a gaban Auta, da rana tsaka.

"Karanta mini."

Auta ya duba, ko da yake ya sani. "Fetur."

"To. Naka ne. Kawo nawa, ka zo ka tsaya kusa da ni."

Sauyi na uku tare suka yi shi. Yaya ke ɗaurewa, Auta ke faɗin inda alama take, da murya sosai, ba kamar mai magana da kansa ba. Suna cikin ɗaura bel Yaya ya ce, kamar da injin yake magana, "Likitan nan da uwar yara ke damuna da shi. Litinin. Kai za ka kai ni. Ka fara tambayarsa ko yana gwadawa da hannu kafin ya kunna."

"To, Yaya."

Rana ba ta faɗi ba suka gama. Yaya ya ɗora sifana ya ja. Zagaye ɗaya, sumul. Zagaye biyu, sumul. Ya ƙara na uku, wanda ba ya cikin doka. Sannan ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa.

"Karɓa. Kai za ka tayar."

Hannun ya tafi wajen tukunyar walda, wadda har yau rigar direban nan ke rataye a kanta. Ƙafar Auta ta riga ta ɗaga, za ta lallaɓa ta kai shi gaban tukunyar don makullin ya same shi a can, kamar yadda ta saba wata takwas. Ya mayar da ita ƙasa.

"Ba nan ba ne, Yaya," ya ce. "Ga ni a damanka."

Yaya ya juyo da hannun.